Ƙura, Ruwa da Faɗuwa: Tarihin Wayar Hannu a Zangon Lome

Duk wanda zai ba da tarihin wayar hannu a Zangon Lome, sai ya fara da ƙasar da wayar ta tarar. A shekarar 1977 hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni, aka maido iyayenmu arewa, wajen Agoè. Mu da muka tashi a nan Cacavéli mun san abin da wannan nisa ya jawo: kasuwa da tashar jirgin ruwa suna can bakin teku, gida yana nan, kullum mutum yana bisa hanya. Ga damina biyu a shekara, ga danshin teku mai cin ƙarfe, ga ƙurar hunturu a Disamba da Janairu.

Da Togocel ta fara aiki a 1998, waya ta masu hali ce. Sai da Nokia 3310 ta fito a 2000, sannan 1100 a 2003, talaka ya fara riƙe tasa. Ita 1100 da gangan aka ƙera ta don irin wurarenmu: madannanta shimfiɗar roba ce guda ɗaya, ƙura ba ta samun kafar shiga, gefenta ba ya sulɓi a hannu mai gumi, batirinta yakan yi kwanaki, ga tocila a kanta, wadda ta sa 'yan'uwanmu na Kano suke ce wa irinta raka-ni-kashi. An sayar da sama da miliyan 250 a duniya. Ba a yi ta don nutso a ruwa ba, amma sau da yawa na ga ɗan zemijan, wato ɗan acaɓanmu, ruwa ya yi masa dukan tsiya, ya cire batir, ya shanya ta a rana, washegari ta kama.

Daga baya Tecno da itel na ƙasar Sin suka karɓe kasuwa da sim biyu da babban batir, domin kowa yana son riƙe Togocel da Moov tare. Sai manyan wayoyi masu fuskar gilashi suka zo, haɗe ruf da gam, batir ba ya fita. Masu gyara a Dékon suka koma canjin gilashi. Yanzu ƙarko ya zama lamba a jikin kwali: IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma wayar za ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30. Sai dai da ruwan daɗi ake gwajin, ba ruwan gishiri ba, kuma robar da ta toshe kafofin tana saki idan wayar ta tsufa ko aka buɗe ta wajen gyara.

Abin da ya sa na damu da wannan tarihi shi ne waya ta zama lalita. Tun zuwan Flooz da T-Money, cinikin mai koko da kuɗin motar ɗan kasuwa ta cikinta suke bi. A 2020, lokacin korona, tallafin Novissi na gwamnati ta ƙaramar waya mai madannai ya isa hannun mutane, ba tare da intanet ba. Idan wayar mai talla ta mutu ranar ruwa, cinikin ranar ya tsaya. Don haka kafin ka tambayi mai shago kyawun kyamara, tambaye shi ko akwai batirinta da gilashinta a Dékon.