Talwandi Sabo: garin auduga da alkama a kudancin Punjab

Talwandi Sabo ƙaramin gari ne na manoma a gundumar Bathinda ta jihar Punjab, arewa maso yammacin Indiya, kimanin kilomita 28 daga birnin Bathinda. Mabiya addinin Sikh sun fi saninsa da Damdama Sahib, ɗaya daga cikin kujerun iko biyar na addininsu. A nan ne jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya yada zango a 1706, aka kammala rubuta littafinsu mai tsarki. Duk watan Afrilu, lokacin bikin Baisakhi wanda ke dacewa da girbin alkama, garin kan cika maƙil da baƙi.

Sauran watannin shekara kuwa na gona ne. Ana shuka alkama a Nuwamba a girbe ta a Afrilu, sai auduga ta karɓi gonar har zuwa kaka. Yankin busasshe ne mai rairayi, ruwan ƙarƙashin ƙasarsa kuma a wurare da dama gishiri-gishiri ne, saboda haka noman ya dogara ga ruwan da ake korowa ta magudanai daga kogin Sutlej. Masu rijiyar burtsatse ba sa biyan kuɗin wutar famfo, tallafin da gwamnatin jihar ta fara a 1997.

Tsakanin manomi da kasuwa akwai dillalin da ake kira arhtiya. Shi ke karɓar hatsi a kasuwa ya ɗauki la'adarsa, shi ne kuma ke ba manomi rancen iri, taki, maganin ƙwari, har da kuɗin aurar da 'ya. Alkama da shinkafa suna da farashin da gwamnati ta tsayar, kuma hukumominta na saye da yawa, don haka mai noma su ya san abin da zai samu. Mai auduga ba shi da irin wannan tabbaci. Mafi yawan lokaci sai abin da 'yan kasuwa suka taya. A 2015 wani ƙaramin farin ƙuda ya cinye gonakin audugar yankin, aka yi zargin cewa maganin da aka sayar wa manoma jabu ne, su kuma suka tare layin dogo na kwanaki suna neman diyya. A 2021 tsutsar auduga ta maimaita ɓarnar. Tun daga nan da yawa suka koma shinkafa, wadda ke shan ruwa fiye da abin da ƙasar za ta iya bayarwa.

Wannan dogaro ga sayen gwamnati ne ya sa manoman gundumar Bathinda suka shiga zanga-zangar da aka yi a kan iyakokin Delhi bayan dokokin noma uku na Satumbar 2020, har Firaminista Narendra Modi ya sanar da janye su a Nuwambar 2021. Sai dai ba kowa ne manomi mai gona ba. Filaye galibi suna hannun 'yan Jat, yayin da Dalit, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen jihar, mafi yawansu ƙodago suke yi tare da 'yan ci-rani daga Bihar da Uttar Pradesh.

Batun lafiya shi ne ya fi jawo wa garin suna maras daɗi. Wani bincike da likitocin babbar cibiyar koyar da aikin likita ta Chandigarh suka yi ya gano cewa cutar daji ta fi yawa a ƙauyukan Talwandi Sabo idan aka kwatanta da wani yanki na jihar, ya kuma danganta hakan da maganin ƙwari da gurɓataccen ruwan sha, cikin wasu dalilai. Shekara da shekaru marasa lafiya na hawa jirgin ƙasa na dare daga Bathinda zuwa Bikaner a Rajasthan don neman magani mai sauƙi, har jama'a suka laƙaba masa “jirgin cutar daji”. Daga baya an kafa na'urorin tace ruwa a ƙauyuka, babban asibitin tarayya na AIIMS kuma ya fara duba marasa lafiya a Bathinda a 2019.

Garin na da asibitin gwamnati, kasuwar hatsi da jami'o'i biyu masu zaman kansu, Guru Kashi da Akal. A wurin ibada ana dafa abinci kyauta kullum, wanda ake kira langar, kowa ya zauna a ƙasa ya ci ba tare da an tambayi addininsa ko asalinsa ba. Matatar man da aka buɗe a 2012 tana kusa, amma matasa da dama sun fi sa ido ga bizar Kanada, wasu iyaye ma har gona suke jinginarwa don biyan kuɗin tafiyar. A zaɓen majalisar jiha na 2017 da na 2022, mazaɓar ta juya wa Congress da Akali Dal baya, ta zaɓi Baljinder Kaur ta jam'iyyar Aam Aadmi.