RNA na ƙwayar cutar shan-inna

Ƙwayar cutar shan-inna ba ta da DNA. Gadonta kaf zare ɗaya ne na RNA mai harufa kusan 7,500. Da ta kutsa ƙwayar halittar hanji, sai ta yar da kwansonta. Zaren ba ya ko leƙa cibiyar ƙwayar. Ribosom (injin haɗa furotin) na mai gida, wato ƙwayar hanjin, ke karanta shi, ya saƙa furotin guda dogo, wanda ke yayyanka kansa gunduwa-gunduwa: wasu su tsayar da aikin mai gida, wasu su kwafi zaren, sauran su zama sabon kwanso. Cikin awa takwas ƙwayar hanjin ta fashe.

Wannan ƙwayar cutar ce ake ɗiga wa yara riga-kafinta gida-gida a Shehuri, unguwar fadar Shehun Borno. A Borno aka ga nau'in dajinta (wato na asali) na ƙarshe a Najeriya, a 2016.