Yadda Idin Yahudawa Ya Baro Gida Ya Shiga Aji

Koyar da yara sha'anin idi a cikin aji, da malami da littafi da jadawali, baƙon abu ne a tarihin Yahudawa, ko da yake ita makarantar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Talmud, wanda shi ne matattarar fiƙihunsu, ya ruwaito cewa wani babban limamin Haikalin Baitul Muƙaddas, Yoshuwa ɗan Gamla, wajen shekara ta 64 Miladiyya, ya hukunta a naɗa malamai a kowace alƙarya, a riƙa kai musu yara tun suna shekara shida ko bakwai, daga baya ma aka ƙayyade kada malami ɗaya ya riƙe almajirai fiye da 25. Amma abin da makarantun nan suka sa a gaba shi ne karatun Attaura. Idi kuwa, uwa da uba ne malamansa.

Hujjar wannan tana nan a daren Idin Ƙetarewa, inda ake tunawa da fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, domin an tsara walimar daren ne musamman don ta tsokani tambaya a bakin yaro: a ajiye gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci, da ruwan gishiri, sa'an nan ƙaramin gida ya miƙe ya nemi dalilin waɗannan abubuwa, mai gida ya amsa masa da ƙissar fitar tasu tun daga farko, kuma don kada barci ya sace yaran kafin a kammala, a ɓoye wani gutsure na gurasar, wanda ya gano shi a ba shi tukwici. Haka nan a Idin Bukkoki, yaron da ya taya mahaifinsa jera rassan itace a kan rumfa, ya kuma ci abinci a cikinta kwana bakwai, ba ya bukatar wani ya yi masa sharhi.

A ƙasashen gabashin Turai, irin su Polan da Lituweniya, makarantar da ake kira heder ta yi kama da makarantar allo: ɗaki ne a gidan malami, yara maza zalla, ana karatu da ƙarfi ana rausaya daga safiya har almuru. Idan idi ya matso, malam yakan biya musu nassin da za a karanta a cikinsa, iyakarta ke nan, gama gari duka yana yi wa yaro sauran darasin, tun da kasuwa za ta tashi, a rufe shaguna, a ji busar ƙahon rago daga majami'a.

Abin da ya rushe wannan tsari shi ne makarantar gwamnati, wadda ta karɓe yinin yaro, da kuma hijira zuwa inda Yahudawa suka zama 'yan tsiraru a cikin jama'ar da ba ta san kwanakinsu ba. A 1838 wata baiwar Allah mai suna Rebecca Gratz, ganin yadda 'ya'yan talakawan Yahudawa a Filadelfiya ta Amurka suke tasowa ba su san addininsu ba, alhali masu wa'azin Kirista suna zawarcinsu, ta buɗe makarantar ranar Lahadi a kan salon ta Furotesta, da Turanci, kyauta, maza da mata tare, kuma mata ne suke koyarwa. Da fari ba su da littattafai nasu, sai suka riƙa ɗaukar na Kirista suna liƙe takarda a kan wuraren da suka saɓa wa aƙidarsu, har wani mai suna Isaac Leeser ya wallafa musu littafin tambaya da amsa a 1839.

Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu suka ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka, da yawansu kuma talauci ya tilasta musu yin aiki ranar Asabar, wadda shari'arsu ta haramta aiki a cikinta. Samson Benderly, wanda aka ba shugabancin hukumar ilimin Yahudawa ta New York a 1910, ya fahimci cewa ba za a ja da makarantar gwamnati ba, saboda haka ya tsara karatun yamma bayan an tashi boko, da ajujuwa da horarrun malamai, ya kuma shigo da waƙa da wasan kwaikwayo da taron idi cikin manhaja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da iyalai suka watse zuwa unguwannin bayan gari, sai kowace majami'a ta gina makarantarta, da yawa kuma suka shardanta cewa ba za a yi wa yaro bikin balaga na shekara 13 ba sai ya yi wasu shekaru a aji.

Nan ne idi ya zama ƙashin bayan karatun ƙananan ajujuwa, kuma a ganina malaman ba su yi kuskure ba, domin wanda ke da sa'o'i kaɗan a mako ba shi da abin da ya fi kama zuciyar ɗan shekara bakwai kamar tuffa da zuma na sabuwar shekara, ko ƙarar da ake tayarwa da abin kaɗawa duk lokacin da aka ambaci Haman, maƙiyin Yahudawa a ƙissar Esta. Har walimar Idin Ƙetarewa akan yi gwajinta a makaranta kafin ranarta, ta yadda sau da yawa yaro ne yake komawa gida ya tuna wa iyayensa tsarinta.

Sai dai jadawalin makaranta ya sauya ma'aunin idodin ba da niyya ba. Hanuka, wadda a wurin malaman fiƙihu ƙaramin idi ne da ba a hana aiki a cikinsa ba, ta yi girma ainun saboda kwanakinta takwas suna faɗowa kusa da Kirsimeti, lokacin da ajujuwa suke cike. Azumin tara ga watan Ab na Yahudawa kuwa, na juyayin rushewar Haikali, da yake yana zuwa a tsakiyar dogon hutu, ɗalibai da dama sukan gama makaranta ba su taɓa halartarsa ba, sai waɗanda aka tura sansanonin hutu irin su Ramah, wanda aka fara a Wisconsin a 1947, inda ake zaunar da su a ƙasa da dare a karanta musu Littafin Makoki.