Yoyon DNS

Yoyon DNS matsala ce ta tsaron intanet da ke faruwa idan tambayoyin neman adireshin shafuka suka kauce wa VPN ko furoksi, suka isa ga kamfanin da ke samar da intanet. Ta haka kamfanin ke ganin sunayen shafukan da aka ziyarta. Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro DNS, wato tsarin neman adireshin shafuka, a 1983, kuma tambayoyin DNS na asali ba a rufe suke ba.

Haɗarin yakan ƙaru idan aka haɗa manhajoji da yawa, domin kowace tana iya aika tambaya ta tata hanyar. Misali, a Fabrairun 2020, manhajar uBlock Origin 1.25 ta fara binciken sunayen DNS na CNAME a burauzar Firefox, lamarin da ya jawo yoyo ga wasu masu amfani da furoksi.