Babban Masallacin Xi'an

Babban Masallacin Xi'an yana cikin tsohuwar unguwar Musulmi ta birnin Xi'an, babban birnin lardin Shaanxi na ƙasar Sin, birnin da a da ake kira Chang'an, kuma shi ne bakin gabas na Hanyar Siliki, wato hanyar fatauci da ta haɗa Sin da Farisa da ƙasashen Larabawa. Bisa ga abin da aka gada, an kafa masallacin a shekarar 742, zamanin daular Tang, amma akasarin gine-ginen da ke tsaye a yau sun samo asali ne daga daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tsarin gininsa, domin babu ƙubba a cikinsa, sai farfajiyoyi masu bin juna, da ƙofofin katako, da rufi mai lanƙwasasshen baki irin na gidajen ibadar Sinawa. Sai dai maimakon ya kalli kudu kamar yadda al'adar ginin ƙasar ta tanada, an miƙe shi daga gabas zuwa yamma saboda alƙibla. An sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a allunan katakon da ke bangon ɗakin salla.

Al'ummar Hui, Musulmi masu magana da Sinanci, suna salla a cikinsa har yau. Ana barin baƙi su zaga farfajiyoyin, amma ɗakin salla na masallata ne kaɗai.