Sansanonin Igwa: Tarihin Tsaron Gaɓar Teku da Sararin Sama

Sansanin igwa wuri ne da ake girke manyan bindigogi biyu, huɗu ko fiye da haka a ƙarƙashin kwamanda guda, domin su haɗa wuta a kan abu ɗaya. Bindigogin kuwa ɓangare ne kawai na sansanin. Akwai rumbun harsasai da albarushi, galibi a ƙarƙashin ƙasa, akwai hasumiyar masu hange, akwai ɗakin da ake lissafin nisa da saiti, sannan ga wayar tarho da ta ɗinke su wuri ɗaya. A yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 da na 20 sansanonin sun kasu gida biyu: masu gadin gaɓar teku, da masu kakkaɓo jiragen sama.

Na gaɓar teku su ne na fari. Igwar da ke cikin jirgin ruwa tana tangaɗi tare da igiyar ruwa, ta tudu kuwa tana zaune daram, masu ita sun riga sun auna kowane lungu na mashigin da suke tsaro. A 1794 wata 'yar hasumiya mai igwa uku a Mortella, tsibirin Kosika, ta kori jiragen yaƙin Ingila biyu, sai ta tudu aka iya cin ta. Abin ya tsaya wa Ingilawa a rai, har suka gina irinta fiye da 100 a kudu da gabashin ƙasarsu don tsoron Napoliyon.

Da jiragen yaƙi suka fara sanya sulken ƙarfe, sai aka shiga tseren girma. Kamfanin Armstrong ya ƙera igwogi masu nauyin tan 100, a shekarun 1880 aka kafa biyu a Jibralta, biyu a Malta. Ta baki ake ɗura musu harsashi da ƙarfin tururi, kuma ba su taɓa harbin abokin gaba ba har aka daina yayinsu. A wannan zamanin ne aka ƙirƙiro igwa mai ɓuya: ta ɗago kai ta yi harbi, ƙarfin harbin ya mayar da ita bayan ganuwa inda ake sake ɗura ta. Dabarar ta yi kyau har ranar da jirgin sama ya fara leƙa ramin daga bisa.

Wanda ke son ganin abin da sansanin gaɓa zai iya yi, to ya duba Oskasbog a ƙasar Nowe. Da asubahin 9 ga Afrilu 1940 sabon jirgin yaƙin Jamus, Blucher, ya shigo mashigin Drobak ɗauke da sojojin da za su kama birnin Oslo. Kanar Birger Eriksen ba shi da umarni ƙarara daga manyansa, yawancin mutanensa sababbin ɗauka ne, igwoginsa masu faɗin baki milimita 280 kuwa kamfanin Krupp na Jamus ne ya ƙera su tun 1893. Ya sa aka harba harsashi biyu, dukansu suka samu jirgin, wuta ta kama. Yana matsowa gaba sai ya faɗa bakin wani sansani na daban da aka haƙa a cikin dutse, wanda Jamusawa ba su san yana aiki ba, aka aika masa tofido biyu masu shekara wajen 40. Blucher ya kife. Sa'o'in da aka samu su ne suka ba Sarki Haakon na Bakwai da majalisa damar ficewa daga Oslo tare da zinaren ƙasar. Tsofaffin makamai ne suka yi wannan aiki, amma a wurin da aka zaɓa da hankali.

Afirka ta Yamma ma ta ga irin wannan. A Satumban 1940 jiragen Ingila da na Janar de Gaulle suka nufi Dakar, sansanonin tsibirin Gore da na bakin gaɓa, da taimakon jirgin yaƙin Richelieu, suka riƙe su kwana uku har suka janye.

Singafo ita ce ɗaya fuskar labarin. Tana da igwogi biyar masu baki inci 15, an daɗe ana cewa sun kasa juyowa tudu. Gaskiyar ita ce wasunsu sun juyo, sun kuma yi harbi, sai dai harsasan da aka tara na huda sulken jirgi ne, masu nutsewa cikin taɓo ba tare da sun yi wa sojan ƙasa wata ɓarna ba. Japanawa sun biyo ta dajin Malaya, birnin ya faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942.

Jamus ta mayar da martani ga barazanar sama da kankare. A Ganuwar Atlantika, jerin sansanonin da ta gina a gaɓar yammacin Turai, an rufe igwogi cikin ɗakuna masu kaurin mita biyu zuwa uku da ɗoriya. Sansanin Todt, mai igwa huɗu na milimita 380, yana jefa harsashi ƙetaren ruwa har Doba a Ingila. Amma a Longues-sur-Mer, ranar 6 ga Yuni 1944 da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Faransa, ruwan bama-bamai da ya kasa rusa ɗakunan ya tsinke wayar da ta haɗa igwogin da masu hange a bakin tsauni. Sansanin ya yi ta harbi ba ido, kashegari ya miƙa wuya.

Tarihin harbin sama ya girmi jirgin sama kansa. A 1870, lokacin da sojojin Purusha suka yi wa Faris ƙawanya, Krupp ya ƙera wata 'yar igwa don harbo balan-balan ɗin da ke fitar da wasiƙu daga birnin. Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman hare-haren manyan balan-balan na Jamus, wato Zafalin, a kan Landan daga 1915, shi ya sa aka kafa sansanoni na dindindin.

Matsalar a nan ta lissafi ce. Harsashi yana ɗaukar daƙiƙa 20 ko fiye kafin ya kai inda jirgin jefa bam yake shawagi, kafin nan jirgin ya ci kilomita biyu. Saboda haka ba jirgin ake saita wa ba, inda zai kasance ake harba wa, a kuma saita agogon harsashin ya fashe daidai lokacin. Sansanin manyan igwogi, irin milimita 88 na Jamus ko inci 3.7 na Ingila, ya kan jera bindigogi huɗu kewaye da wurin kwamanda, inda na'urar auna tsawo da na'urar hasashe suke aika lambobi ta waya zuwa kowace igwa. Jiragen da ke sauko ƙasa-ƙasa kuwa aikin ƙananan bindigogi ne masu saurin aman wuta, Bofors na milimita 40 daga Suwidin da Oerlikon na milimita 20 daga Suwizalan. Da dare sai sansanonin fitilu su tsaga duhu suna neman jirgi, da farko da taimakon manyan kahonnin saurare, daga baya da rada. Dubban harsasai kan tashi kafin jirgi ɗaya ya faɗo, amma kuskure ne a auna amfaninsu da wannan kaɗai: sun tilasta wa matuƙa hawa can sama da kauce-kauce, bama-bamansu suka riƙa faɗuwa nesa da inda aka nufa.

Aikin ya ci mutane masu yawan gaske. Daga 1941 Ingila ta sa mata a sansanoni suna riƙe rada da na'urar hasashe, ko da yake doka ta hana su harba igwar da kansu. 'Yar Firaminista Churchill, Mary, tana cikinsu. Daga 1943 Jamus ta kwaso yaran sakandare. Rundunonin igwar sama na Afirka ta Yamma kuma an kai su Indiya suna gadin filayen jirgi a Assam.

Inda babu tudu mai kyau, sai aka gina shi. Hitila ya sa aka tayar da hasumiyoyin kankare a Balin, Hambog da Biyana, igwogin milimita 128 a kan rufi, dubban farar hula suna fakewa a ciki. Injiniya Guy Maunsell ya dasa sansanoni a kan ƙafafun ƙarfe da kankare a tsakiyar ruwa, bakin kogin Tems, don tare jiragen da ke bin kogin zuwa Landan.

Lokacin bazarar 1944 ne igwar sama ta kai ƙololuwa. Da bama-baman Jamus masu tashi da kansu, V-1, suka fara sauka a Landan, sai aka kwashe ɗaruruwan igwogi cikin 'yan kwanaki a watan Yuli aka jera su a bakin teku. An haɗa su da radar Amurka SCR-584, da na'urar hasashe mai aiki da lantarki, da harsashi mai 'yar rediyo a hanci wanda ke fashewa da zarar ya kusanci abin hari. Cikin makonni shida, abin da suke kakkaɓowa ya tashi daga ƙasa da ɗaya bisa biyar zuwa kusan uku bisa huɗu.

Bayan yaƙin, jirage masu injin jet da makamai masu linzami suka sha gaban manyan igwogi. Amurka ta rushe rundunar igwar gaɓa a 1950, Ingila ta rufe ta sama a 1955, ta gaɓa a 1956. Makami mai linzami na Sobiyet, S-75, shi ya harbo jirgin leƙen asirin Amurka U-2 a ranar 1 ga Mayu 1960, kuma makaman Neptune da aka harba daga gaɓa ne Yukiren ta ce sun nutsar da jirgin yaƙin Rasha Moskva a Afrilun 2022. Ƙaramar igwa dai ta dawo bakin aiki a yaƙin Rasha da Yukiren: motocin Gepard na Jamus, masu bindigogi biyu na milimita 35 da aka ƙera tun shekarun 1970, suna harbo jirage marasa matuƙi, domin makami mai linzami guda ya kan fi jirgin da zai kakkaɓo tsada ninki-ba-ninki.