Dutse a ƙarƙashinmu, falle daga ƙetare

Kaduna a kan dutse take zaune. Wanda ya taɓa haƙa rijiya a Malali ko Unguwar Rimi ya sani, kuma da rani duwatsun kan fito fili a cikin kogi. Masana sun ce garanayit ɗin wannan yanki, irin na Kajuru da Kufena ta Zariya, ya kai shekara miliyan 600. Amma tun da aka dawo da hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, abin da muka fi yi da shi shi ne farfasawa.

Magabatanmu a sana'ar fasa dutse wuta suke hura masa, da itace, daga baya da tsofaffin tayoyi, har ya tsage, sannan a bi shi da guduma. Da kamfanonin hanya suka zo sai aka koma nakiya. Tsakuwa kam ana samu, tipa-tipa. Sai dai dutsen da ya sha wuta ko nakiya ya riga ya yi tsaga a ciki wadda ido ba ya gani. Ka ɗora shi a kan injin yanka, ana tsakiyar aiki ya rabe. Shi ya sa gidajen manya na shekarun 1970 da 1980 tarazo suka sha, da aka fara yayin kantar kicin da matakala masu sheƙi kuma sai aka riƙa shigo da falle daga Italiya, Indiya da Sin.

Garanayit ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayar da ke kama da gilashi, wadda ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Ita ke cinye faifan injin yanka, don haka sai mai haƙoran lu'u-lu'u, ruwa na kwarara a kansa. Akwai fara ko jaja-jaja, mai tsagewa a miƙe. A dutsenmu takan yi girma, wani lokaci ta kai ɗan yatsa, kuma in mai yanka ya yi garaje, ita ce ke ɓalgacewa a baki. Sannan ga baƙar nan mai ƙyalli, mai laushi: wajen guga takan zube ta bar ƙananan ramuka, fallen ya ƙi yin sheƙi bai-ɗaya. Dutse mai ƙananan ƙwayoyi ya fi biyayya, ko da yake masu gida sun fi son mai manyan zane, su ne kuma kan dawo da ƙorafi.

Yanzu masu haƙar dutsen ado waya mai lu'u-lu'u suke zagaya masa, su yanko shi sumul ba tare da girgiza ba. Abin da bai sauya ba shi ne yaran da ke datsa falle a busasshe a bakin titi, babu ruwa babu takunkumi. Ƙurar nan tana daskarar da huhu, kuma cutar ba ta da magani.